Rabon Kowace Rana

Karatunmu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

Yau za mu yi magana a kan 'yan'uwanmu masu aikin taimako ba tare da albashi ba a ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na ikilisiya: masu kula da gwauraye da marayu, masu kai abinci asibiti, masu ziyarar 'yan kurkuku. Masu fara irin wannan aiki suna da yawa. Damuwarmu ita ce mutum nawa ne za a tarar a bakinsa bayan shekara uku ko biyar.

A karatunmu, gunaguni ya tashi a ikilisiyar Urushalima. Masu jin Helenanci suka ce ana manta gwaurayensu wajen rabon abinci. Mu lura, rabon nan na kowace rana ne, gama wanda ya ci jiya zai sāke jin yunwa yau. Manzanni kuwa ba su tsaya ga yin wa'azi a kan ƙauna ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, aka danƙa musu aikin ya zama nasu. Sunayen bakwai ɗin duka na Helenanci ne, irin su Istifanas da Filibus. Da alama daga ɓangaren da ya yi kukan aka ɗauko su, mutanen da suka san ƙofar kowace gwauruwa.

Mu ma mun ga irin wannan bukata a ƙasarmu. A watan Oktoba na 2014, da Boko Haram suka kama Mubi, dubban mutane suka gudu zuwa Yola, da yawa suka fake a harabar Majami'ar Santa Teresa ta Katolika. A makonnin farko kowa ya kawo abin da yake da shi, masara, tabarma, tufafi. Amma sai a 2021 aka buɗe gidaje 86 da Bishop Stephen Mamza ya jagoranci ginawa domin waɗanda ba su iya komawa gida ba. Shekara bakwai ke nan. A tsakaninsu akwai tukunyar da sai an ɗora, da yaran da sai an koyar, da marasa lafiya da sai an raka asibiti, bayan masu ɗaukar hoto sun daɗe da tafiya.

Wanda ya daɗe a aikin yana da sanin da mai kawo buhun shinkafa ranar Kirsimeti ba shi da shi. Ya san matar da kunya ba za ta bar ta ta roƙa ba ko da ta kwana biyu ba ta hura wuta ba. Ya san yaron da ya daina zuwa makaranta domin kuɗin jarrabawa, yana cewa ba shi da lafiya. Irin wannan magana ba a faɗa wa baƙo.

Kada mu ɓoye, aikin yana da ɗaci. Wanda kika taimaka bara zai iya wuce ki bana ba gaisuwa. Za a ce kun ci kuɗi. Maigida zai tambayi abin da ake ba ki. Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya, ko ta Zumuntar Mata ce ko ta matasa, ta ajiye littafin lissafi, mutum biyu su ƙirga kuɗi, a karanta a gaban jama'a. A raba aiki kuma, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yetro ya ga surukinsa Musa yana zaman shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka. Yesu kansa, a Markus sura 6, ya janye almajiransa su huta. Mu fastoci da dattawa, sau da yawa mukan ɗora wa mace ɗaya mai himma kaya har ta faɗi, sa'an nan mu ce ta yi sanyi a ruhaniya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in Ubangiji ya taɓa zuciyarka, kada ka yi alkawarin kowace rana. Ka je wurin shugaban ƙungiyar da ke unguwarku a makon nan, ka ce Talata da yamma taka ce har ƙarshen shekara, a rubuta sunanka, a nuna maka gida biyu da za ka riƙa dubawa.