Daga Atina Zuwa Giginya: Yadda Za Mu Koyar da Tarihin Turai



Tun da aka dawo da darasin tarihi makarantun firamare, akwai tambayar da yaranmu na Gidan Dahala ba sa gajiya da yi mana: me ya sa Turawa suka ci mu da yaƙi? In muka yi shiru, yaro zai ba kansa amsa, ya ɗauka Allah ne ya halicci Bature da kan da ya fi nasa. Yaron da ya yarda da haka kuwa, mun rasa shi tun kafin ya gama aji shida. Don haka muna ba da shawarar a fara labarin Turai daga nan gida.

A shekarar 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato ta Tarabulus da Barno da Kano. Da ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello akwai littafin lissafin siffofi na Uƙlidis da Larabci. Sarkin Musulmi ya shaida masa cewa gidansu sun taɓa mallakar littafin, wani ɗan uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Mu bi sawun wannan littafi, zai zagaya da mu tarihin Turai kusan duka.

Mu shimfiɗa taswira. Arewa da mu Sahara ce, bayanta Bahar Rum, a hayinta Turai. A gaɓar wannan teku Girkawa suka kafa birane irin su Atina, suka shahara a falsafa da lissafi. Uƙlidis ya rubuta littafinsa a Iskandariyya ta Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayansu Rumawa suka mallaki kewayen tekun, suka bar wa duniya dokoki da hanyoyi da haruffan da muke rubuta boko da su. Daularsu ta yamma ta faɗi a 476, karatu ya ja baya a can.

A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, aka juya littattafan Girkawa zuwa Larabci, aka yi musu sharhi da ƙari. A ƙarni na 12 Turawa suka riƙa ɗaukar su daga Larabci zuwa Latin, musamman a Andalus. Wajen 1450 Gutenberg ya ƙera injin ɗab'i a Jamus, littafi ya yi araha. A 1492 Columbus ya tsallaka tekun Atlantika, aka shiga kwasar dukiyar Amurka da jigilar bayi daga Afirka.

Sai juyin masana'antu. Ingila tsibiri ce mai kwal da tama da tashoshin jiragen ruwa. A 1769 James Watt ya yi rajistar ingantaccen injin tururi, masaƙun Manchester suka riƙa fitar da yadi fiye da abin da dubban masaƙa za su saƙa da hannu. Masana'anta tana bukatar auduga da fata da kasuwa, shi ya kai su taron Berlin na 1884 zuwa 1885 kan rabon Afirka. Ranar 15 ga Maris 1903, dawakin Sarkin Musulmi Attahiru suka fuskanci bindiga mai sarrafa kanta a filin Giginya. Ba jarumta aka rasa ba ran nan. Masana'anta aka rasa.

Wannan ita ce amsar da yaranmu suka cancanta. Ilimi matafiyi ne, yana sauka inda aka yi masa shimfiɗa, ya tashi inda aka wofintar da shi. Kada mu koyar da tarihin Turai don bauta musu, kada kuma mu ƙi shi don haushi.

Roƙonmu ga reshe guda biyu ne: a nema wa kowace makaranta taswirar duniya ko da ɗaya, a kuma shirya mana bita, domin da yawanmu ba mu karanci tarihi a kwaleji ba. Kafin nan, alli da allo sun isa mu zana Bahar Rum.

Allah ya sa albarka a aikinmu.