Ƙanƙarar da ke Tafiya, da Abin da Ya Haɗa Ta da Daminarmu



Ƙanƙara a bakin Bahaushe ita ce wadda ke faɗowa tare da ruwan farkon damina ta kakkarya shuka, ko kuwa wadda ake sayarwa a Sabon Gari don sanyaya ruwa da azumi. Duka biyu suna da tauri, in an buga su sai su fashe. Amma akwai wata ƙanƙara wadda ba haka halinta yake ba, domin ita malala take yi sannu a hankali. Ita ce zancenmu na yau. Zan yi shi da Hausa, don ina ganin ba wani ilmi da ya fi ƙarfin harshen nan, in dai an yi haƙurin nemo masa kalmomi.

A can ƙarshen duniya ta kudu akwai nahiyar Antaktika, wadda ta ninka Nijeriya girma kamar sau 15. Ƙanƙara ce ta lulluɓe ta kusan gaba ɗaya, kaurinta a matsakaici wajen kilomita 2, a wasu wurare kuwa ya kusa kilomita 5. A arewa kuma akwai tsibirin Girinlan, inda kaurin ya wuce kilomita 3 a tsakiya. Irin wannan ita za mu kira shimfiɗar ƙanƙara. Asalinta dusar ƙanƙara ce da ke zuba kowace shekara ba ta narkewa, ta bana ta danne ta bara, har ta ƙasa ta dunƙule. Da ba ta da mafita da sai ta yi ta hawa sama ba iyaka. Mafitarta ita ce ta malala daga tsakiya zuwa gaɓar teku, inda take ɓallewa ta faɗa ruwa.

To, yaya abu mai tauri yake malala? Mu dubi maƙeri. In ƙarfe yana da sanyi ko ya buge shi da masaba ba ya jin kira, amma in ya yi ja a wuta sai ya miƙe yadda ake so, alhali bai narke ba. Ƙanƙara ma haka take, gama kullum tana kusa da matakin narkewarta. A shekarar 1955 wani masani mai suna John Glen, a Kambirij ta Ingila, ya bayyana sakamakon gwajin da ya yi na danne guntayen ƙanƙara a ɗakin bincike. Ya gano cewa in aka ninka ƙarfin da ke tura ta sau biyu, saurin lanƙwasarta ninkuwa yake kamar sau takwas. Ƙarfin nan kuwa yana ƙaruwa ne da yawan nauyin da ke bisa da kuma gangaren wurin. Watau ke nan ƙanƙarar can ƙasa, wadda ke ɗauke da nauyin dukan ta sama, ita ce ta fi lanƙwasa, ta sama kuwa goyonta kawai ake yi. Shi ya sa fuskar shimfiɗar ke tsattsagewa, kamar ɓawon tuwon da ya sha iska alhali cikinsa da taushi.

Abubuwa huɗu ne ke ƙara wa ta ƙasan nan laushi. Na farko ɗumi. A tashar Bostok ta Rashawa matsakaicin sanyin sama ya kai digiri 55 ƙasa da sifiri, amma shimfiɗar kamar bargo take, tana tsare ɗumin da ke fitowa daga cikin ƙasa, ga kuma wanda gogayyar tafiya ke haifarwa. Ƙanƙarar da ta kusa narkewa ta fi wadda ke digiri 50 ƙasa da sifiri saurin lanƙwasa sau ɗaruruwa.

Na biyu jerin ƙwayoyinta. Kowace ƙwayar ƙanƙara falle-falle take a ciki, kamar takardun littafi: in ka tura littafi ta gefe sai takardun su zame wa juna, in ka danna shi ta sama ba ya motsi. Kusa da sama kowace ƙwaya inda ta ga dama take fuskanta, amma bayan dubban shekaru na danniya sai su juya su jeru fuska ɗaya, zamewa ta yi sauƙi.

Na uku ƙura. Ƙanƙarar da ta taru a zamanin tsananin sanyi na ƙarshe cike take da ƙurar da iska ta kwaso daga hamada mai nisa, yadda hunturu ke kawo mana hazo. A Girinlan an auna ramukan haƙa aka tarar wannan mai ƙura ta fi ta bisanta saurin lanƙwasa kamar sau uku.

Na huɗu ruwa. Tsananin nauyi yana sa ƙanƙara ta narke tun ba ta kai sifiri ba. A 1968 da Amurkawa suka huda shimfiɗar Antaktika a tashar Byrd, zurfin mita 2,164, ruwa suka iske a ƙasa. In ruwa ya shiga tsakanin ƙanƙara da dutse, ko ya mai da ƙasar wurin taɓo, sai shimfiɗar ta kama santsi. Ku dubi bambancin: a tsakiyar Antaktika akwai inda tafiyar shekara guda ba ta wuce mita 10 ba, amma kogin ƙanƙara na Yakobshabn a Girinlan ya yi fiye da mita 40 a rana ɗaya a 2012.

Wani zai ce, ina ruwan manomin Giwa ko Soba da wannan? Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce shimfiɗa irin wannan ta rufe Kanada da arewacin Turai, ta riƙe ruwa mai yawa har teku ta sauka da wajen mita 120. A zamunnan bushewa irin wancan rairayin hamada ya gangaro kudu har ƙasarmu. Jigayin da ke gabas da Kano, waɗanda Jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare su, tsofaffin tuddan hamada ne da ciyawa ta ɗaure daga baya, kamar yadda masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana a 1958.

Har ila yau, a 1988 wani Bajamushe, Hartmut Heinrich, ya nuna daga lakar ƙasan tekun Atlantika cewa sau da dama shimfiɗar arewa ta riƙa amayar da tarin ƙanƙara cikin teku a ɗan lokaci. Ɗaya daga cikin manyan bayanan da masana suka bayar shi ne wanda muka gani ɗazu: shimfiɗa ta yi kauri, ƙasanta ya ɗumama, ya narke, ta zame. Ruwan daɗin da ya kwarara ya raunana igiyar ruwan teku mai kai ɗumi arewa, damina ta ja da baya zuwa kudu. Lakar da aka haƙo a gaɓar Afirka ta Yamma ta nuna cewa a daidai waɗannan lokuta Sahel ya yi fari na ɗaruruwan shekaru. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 dalilansu dabam ne, amma wanda ya ji labarinsu wurin iyaye ya san abin da gajeriyar damina ke yi wa gero da shanu.

Sai kuma teku. Daga 1901 zuwa 2018 ta hau da kimanin santimita 20. Ƙanƙarar Girinlan kaɗai tana riƙe da ruwan da zai ɗaga ta mita 7, ta Antaktika kuwa wajen mita 58. Ba a cikin ƙarni ɗaya wannan zai auku ba. Abin tambaya shi ne sauri, amsar kuwa tana can ƙasan shimfiɗa. Don haka ne masana suka shafe shekaru suna haƙa a tsakiyar wani kogin ƙanƙara a arewa maso gabashin Girinlan, har suka kai ƙasa a 2023, zurfin fiye da mita 2,600. Ikko da Fatakwal a bakin ruwa suke, ta nan kayanmu ke shigowa, 'yan'uwanmu Hausawa kuwa dubbai ne ke neman abinci a can.

A ƙarshe ina da roƙo biyu. Ga ma'aikata, ku riƙe littattafan awon ruwan sama da amana. Samaru na samun wajen milimita 1,000 a shekara, kuma da doguwar ajiyar lissafi irin ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ne kawai za a gane in damina ta fara sauya hali. Ga ɗalibai kuwa, musamman na kimiyya, ku zo mu haɗa kai mu tsara kalmomin wannan fanni da Hausa, domin manomi da mai gari su ji bayani da harshen da suke shawara da shi.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.