Sa Ido Kan Uwayen Garken DNS a Active Directory: A Kunne Take, Amma Gaskiya Take Faɗa?



Magana ɗaya na zo da ita. A kamfanin da ya ɗora kwamfutocinsa kan Active Directory, galibinmu abin da muke dubawa shi ne ko uwar garken DNS tana kunne. Abin da ya fi cancanta a auna kuwa shi ne ko amsar da take bayarwa daidai ce, domin tana iya kasancewa a kunne, lafiyarta ƙalau, tana ta tura jama'a inda babu kowa.

Paul Mockapetris ne ya tsara DNS a 1983 don a riƙa mayar da suna zuwa lambar adireshin IP. Da kamfanin Microsoft ya fito da Active Directory cikin Windows 2000, sai ya aza masa wani nauyin. Kwamfutar ma'aikaci idan aka kunna ta da safe ba ta san inda uwar garken rajista take ba, wato wadda ke tantance suna da kalmar sirri. DNS take tambaya, ta nemi bayanin da ake kira SRV, shi kuma ya faɗa mata sunan uwar garken da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa: 389 don LDAP, 88 don Kerberos. Manhajar Netlogon da ke kan kowace uwar garken rajista ita ke rubuta waɗannan bayanai. In suka ɓace ko suka tsufa, ba lallai a gane nan take ba, saboda Windows na ajiye shaidar shiga har goma a cikin kwamfutar kanta. Ma'aikaci zai shiga yadda ya saba, sai can da hantsi ya tarar rumbun fayil na ofis ya ƙi buɗewa, ƙa'idojin kamfani kuma ba su sauka ba. Shi ke nan a ɗora wa intanet laifi.

Kuskuren da ya fi yawa ba ya buƙatar dogon bayani. Wani zai saka 8.8.8.8 na Google a matsayin DNS na biyu kan kwamfutocin ma'aikata, wai don ko-ta-kwana. Ranar da ta cikin gida ta yi jinkiri, kwamfuta za ta koma wa Google, shi kuwa bai san sunayen cikin kamfaninka ba, sai ya ce babu wannan suna. Kwamfuta ta ɗauki "babu" a matsayin cikakkiyar amsa, har ta ajiye ta na ɗan lokaci. Adireshin waje wurinsa kan uwar garke ne, a jerin waɗanda take miƙa wa tambayoyin da suka fi ƙarfinta.

Inda nake so mu daɗe shi ne batun tsofaffin bayanai. Kwamfutocin Windows da kansu suke rubuta sunansu da adireshinsu a DNS, su sabunta kowace awa 24. To amma kwamfutar tafi-da-gidanka da aka rufe aka fita da ita ba ta share bayaninta. DHCP, mai raba wa kwamfutoci adireshi, ya ba wata adireshin nan, sai a wayi gari suna biyu ko uku na nuni ga lamba ɗaya. Mai gyara daga nesa ya shiga kwamfutar da ba ita aka kira shi a kanta ba, manhajar adana kwafi ta yi ta neman na'urar da aka sayar tun bara.

Windows na da tsarin shara, sai dai a kashe yake zuwa. Idan an kunna, akwai kwana 7 da ba a karɓar sabunta hatimin lokaci, sannan wasu 7 da ake jiran kwamfuta ta nuna tana raye. Bayan kwana 14 bayanin ya cancanci gogewa. Hayar adireshi a DHCP na Windows kwana 8 ce in ba a canza ba, kuma dole a daidaita su: kada wa'adin shara ya gaza na haya, in ba haka ba za a goge kwamfutar da ke bakin aiki. Bayanan da aka rubuta da hannu ba su da hatimin lokaci, shara ba ta taɓa su, sai fa in wani ya ba da umarnin dnscmd /ageallrecords, wanda ke buga wa kowa hatimi. Daga nan firinta da uwar garken albashi sun shiga layin gogewa. Tunda kuma a cikin Active Directory ake ajiye bayanan, abin da aka goge a wuri ɗaya zai bi sauran uwayen garke ya goge. Shawarata a kunna hatimin a kan rukunin sunayen tukuna, a bari makonni su wuce, a zauna a karanta jerin abin da zai tafi, a fitar da kwafi, sannan a ba uwar garke ɗaya tak aikin sharar. Na san wasu sun gwammace su bar ta a kashe har abada don tsoro. Ban ga hikimar hakan ba; datti ne ake tarawa, ranar kwashewa kuma tana nan tafe.

Haka uwar garken rajista da aka kashe aka ajiye ba tare da an sauke ta bisa ƙa'ida ba. Bayananta na SRV da NS suna nan, kwamfutoci na ta sallama a ƙofar gidan da masu shi suka tashi.

Mu da ɗaukewar wuta ta zame mana jiki akwai ƙarin abu. Idan uwayen garke suka tashi gaba ɗaya, DNS na jiran Active Directory ya kammala haɗuwa da takwarorinsa, shi kuma yana neman DNS don ya gano su. Lambar 4013 a kundin rahoto wannan jiran take nufi. Ana rage shi ta hanyar sa kowace uwar garke ta fara tambayar 'yar'uwarta, ta sa kanta a na biyu, a kuma tsara wadda za ta fara tashi.

To me za a auna? A yi irin tambayar da kwamfutar ma'aikaci ke yi, daga inda take. A kowane reshe a sa na'ura ta riƙa neman bayanin SRV daga kowace uwar garke, ta kwatanta amsoshin, ta auna jinkiri. Tsakanin rassa, musayar bayanai na zuwa ne duk minti 180 in ba a rage ba, saboda haka bambancin ɗan lokaci ba abin tayar da hankali ba ne; wanda ya kwana shi ne matsala. Umarnin dcdiag /test:dns da repadmin /replsummary a sa su gudana kullum, ba sai an yi kuka ba. Manhajar sa idon ma kada ta dogara da DNS ɗin da take gadi wajen aika ƙararrawa. Ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook ya ɗauke na kusan awa shida, kayan aikin da injiniyoyinsa za su yi gyara da su na cikin abin da rashin DNS ya durƙusar.

Saura tsaro. Kundin tambayoyin DNS abin karantawa ne: muguwar manhajar da aka cusa cikin SolarWinds, wadda aka bankaɗo a Disamba 2020, ta hanyar tambayoyin DNS take fara tuntuɓar iyayen gidanta. A Yulin 2020 ne aka toshe ɓarakar SIGRed da kamfanin Check Point ya gano, wadda ta shekara 17 a DNS na Windows. Abin da ya sa ta yi muni shi ne yawanci DNS kan uwar garken rajista yake zaune, wanda ya karya shi ya riƙe kamfanin duka. Saboda wannan dalili nake roƙon kowa, in ya koma ofis, ya buɗe rukunin DnsAdmins ya ga su wa ke ciki. Tun 2017 masu bincike suka nuna cewa ɗan wannan rukuni na iya sa DNS ya ɗauki manhajar da ya ga dama, ta yi aiki da cikakken iko. Duk sunan da ba za ku yarda ku ba ragamar rajistar gaba ɗaya ba, a cire shi.