Kafin ka sayi kayan kwamfutar wasa

Yau zancenmu na kwamfutar wasa ne. Akwai samari masu son haɗa tasu guntu-guntu, don ya fi araha. Sau da yawa kuɗin wake ko na gyaɗa ne uba ya bayar. To, saurayi, kada kuɗin nan su tafi a banza.

Fara da katin hoto. Shi ke zana abin da kake gani a gilashi, shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka. Ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, matsakaiciya ta isa.

Ga inda ake asara. Furosesar AMD ba ta zama kan allon da aka yi don Intel. Haka ma'ajiyar aiki da ake kira RAM: DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5. Tun da yanzu ka iya karatu, karanta kwalin da kanka. Rubuta sunan allonka a takarda kafin ka shiga mota zuwa Maraɗi ko Kano. RAM giga 16 ta wadatar, 8 sau biyu.

Akwatin wuta kuwa, kada ka yi mashi rowa. Mai araha in ya ƙone yakan tafi da sauran kaya. Nemi mai wat 550 ko 650.

Ka san zafin bazara da ƙurar hunturu a nan. Gidan kwamfuta mai fanka biyu ko uku ya fi mai fitilun ado. In kayan na hannu ne, mai kanti ya kunna su gabanka tukuna, sannan ka biya.