Allurar Wata-Wata Ta Masu Taɓin Hankali: Me Ake Rubuta Mana A Rasit?



Maganar yau ba kowa ke son a yi ta a bainar jama'a ba, amma daga Jambutu zuwa Doubeli har cikin garin Yola akwai gidajenmu da ke jinyar mai taɓin hankali. Da yawansu likita ya ɗora su a kan allurar da ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu, maimakon ƙwaya kullum. Wadda aka fi sani ita ce fluphenazine, da ma'aikatan jinya ke kira Modecate. Akwai haloperidol, akwai flupentixol, sai paliperidone wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancinmu. Maganin yana zama cikin tsoka yana fita a hankali, shi ya sa yake daɗewa. In aka tsallake lokaci, ciwon kan dawo, kuma mun san abin da ke biyo baya: rashin barci, fita titi, wani lokaci har ɗauri da sarƙa.

Abin da ya fi sa a tsallake allura shi ne kuɗi. Sai dai mun lura yawancinmu ba mu san abin da muke biya ba. Wani ɗan uwanmu ya kawo mana takardun wata shida, kowace an rubuta "allura" kawai da adadin kuɗi, kuma kuɗin kowane wata daban. Babu sunan magani, babu yawansa. Da irin wannan takarda ba za ka iya ƙorafi ko'ina ba.

Abu uku ne ake haɗawa: kuɗin ganin likita, kuɗin maganin kansa, da kuɗin yin allurar. A Amurka kowanne da lambarsa. Fluphenazine J2680 ce, haloperidol J1631, sokawar kanta kuma 96372, kuma kamfanin inshora ba ya biya sai ya gan su. Mu a nan ba da waɗannan lambobi ake aiki ba, amma muna da namu. Akwai lambar ciwon ta Hukumar Lafiya ta Duniya, misali F20 ga ciwon da likitoci ke kira sikizofireniya. Akwai lambar NAFDAC a jikin kwalin maganin. Ga mai inshora kuma, akwai lambar izini da kamfanin HMO ke bayarwa kafin ƙaramin asibiti ya tura mutum babba, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Wannan lamba ta ƙarshe ita ta fi wahalar da mutane. In babu ita, sai a ce ka biya daga aljihunka, alhali ma'aikacin tarayya mai rajista kashi 10 cikin ɗari na kuɗin maganin da ke cikin jeri ne kawai a kansa.

To ina haƙƙinmu? A watan Janairun 2023 aka bayyana cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ta ba maras lafiya 'yancin a yi masa bayanin maganinsa, a kuma rufa masa asiri. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuwa ta ce inshora ta kowane mazaunin ƙasa ce, har da masu taɓin hankali cikin masu raunin da za a tallafa wa. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda garin asalinsa. Kakanka daga Kano ya zo ko daga Katsina, wannan ba dalili ba ne na a hana ka magani, ko a nemi takardar asalin jiha kafin allura. In an nema, mu tambaya cikin ladabi wace doka ce ta ce haka.

Saboda haka, duk ranar allura a je da ƙaramin littafi. A roƙi ma'aikaciyar jinya ta rubuta sunan maganin, miligiram nawa, da ranar dawowa. A karɓi rasit mai hatimi wanda ya rarrabe kuɗin. In jiki ya sandare ko hannu na rawa, a koma wurin likita, kada a daina allurar da kai, domin akwai maganin hakan. Wanda takardunsa suka rikice masa, ya kawo su wurin sakatarenmu bayan La'asar, za mu duba tare a keɓe.