Jawabi Kan Na'urar Awon Jiki a Jami'o'in Baƙaƙen Amirka

Kun san sikeli nauyi kaɗai yake faɗi, ba ya raba tsoka da kitse. To akwai wata na'ura, DXA, mai auna ƙashi da tsoka da kitsen mutum dabam-dabam. Da irinta ɗaliban ilmin motsa jiki ke koyon aiki, amma tsada gare ta.

A 2023 gwamnatin Amirka da bakinta ta ce jihohi 16 sun tauye wa jami'o'in baƙar fata fiye da dala miliyan dubu 12, daga 1987 zuwa 2020. Wanda aka danne wa kuɗi, da me zai sayi na'ura?

Mu dai mun ce a biya su hakkinsu. Ba a koyon awo babu ma'auni.