Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya: dokar kare shuka da kayan ɗan bida

Dattawa iyayenmu, da ku ƴan uwa da kuka komo daga bida, Abijan ko Ikko ko Libiya, barkanku da zuwa. An ce in yi magana bisa dokar kare shuka, to ga abin da ke ciki.

Dokar nan mai lamba 2015-35 ce, ta ran 26 ga watan Mayu 2015. Ita ta canji wadda aka yi a 1996. Abu uku take nema gare mu.

Na farko, iri da dashe da duk wani ɗanyen kayan gona da za ya shigo ƙasa, sai malaman gona sun duba shi bakin iyaka, kamar a Birnin Ƙonni, ya kuma zo da takardar shaidar lafiya. Kada ku ce wahala ce ake ɗora muku. Tsutsar tumatir da ta cinye garake a Kano da Kaduna a 2016, asalinta Amurka ta Kudu ne, ta bi ta Sifen a 2006 kafin ta iso Afirka. Cikin kwanduna da dashe ta yi mafi yawan tafiyarta. Tsutsar masara ma daga Amurka ta zo, a 2016 aka fara ganinta a Afirka ta Yamma. Mu da ke ci da albasa da tumatir a fadamun Tarka da Majiya, ƙunshin iri guda da ba a duba ba yana iya lalata garakan gari duka.

Na biyu, maganin ƙwari. Ba a shigo da shi, ba a saida shi, sai wanda kwamitin ƙasashen Sahel da ke Bamako ya yarda da shi, mai saidawa kuma sai da izini. Kwamitin ya hana endosulfan tun 2007, ya hana paraquat a 2011. Amma kun san kwalaben da babu ko suna a jikinsu da ake zubawa a kasuwa. Ku bar kawo su tsaraba. Wanda ya yi feshi da su ƙafa ba takalmi, ko ya zuba ruwan sha cikin bidon da ya ƙare, kansa ya cuta da ƴaƴansa.

Na uku, wanda ya ga ɓarna a gonarsa, ya faɗi da wuri. Dattawa sun tuna farar ɗango ta 1988, dukanmu kuma mun san ta 2004 da yunwar da ta biyo a 2005 a Keita da Buza da Madawa. Fara tun tana ƙarama ba ta tashi ake iya mata. In ta yi fiffike sai jirgi. Haka murzuna a kan hatsi. Kun gani da safe, ku gaya wa maigari, shi kuma ya aika wa malamin gona kafin la'asar.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'aikata ba su iya buɗe jakar kowa, sai mai jaka ya tsare kansa. Ina roƙon ƙungiya ta zaɓi samari biyu a koya musu feshi, a kuma karanta takardar nan ga waɗanda ba su zo ba.

Allah shi ba mu damana mai albarka.